Soket Mai Kariya da Kayan Sauti: Lissafin da Muke Yi Kafin Mu Sayar

Aikinmu a Bauchi haɗa kayan sauti ne a gidaje da gyaransu: hom tiyata, amfilifaya, sifiku, dikoda. Yawancin abin da ake kawo mana daga Wunti zuwa Yelwa ciwonsa ɗaya, sashen da wuta ke shiga ne ya ƙone. Sau da yawa kuma mai kayan yana da ekstenshan da ya saya da sunan kariya.

Wanda ya zo sayen soket mai kariya daga tsallen wuta yakan ce, “Malam, nawa wat 2000 ne, a ba ni wanda zai ɗauka.” Wannan lambar ta jikin kwali, musamman in an rubuta PMPO (wato ƙololuwar ƙarfin sauti na ƙiftawar ido) kusa da ita, ta talla ce. Abin da muke dubawa shi ne ƴar takardar da ke manne a bayan na'urar, kusa da inda wayar wuta ta shiga. A nan ake rubuta abin da take ja. Hom tiyatar da kwalinta ke ihun dubbai, sai ka tarar wat 100 da ɗoriya take ci.

Lissafin ba wuya. Wutar Najeriya bolt 230 ce, fulogi mai ƙafa uku kuma fiyus ɗinsa bai wuce amfiya 13 ba, wato wat 3000 ba kaɗan. Ekstenshan da aka rubuta wa amfiya 10 iyakarsa wat 2300. A ce amfilifaya na jan 400, ufa (sifikar bas) mai nata injin 200, talabijin 120, dikoda 20: jimla 740. Mukan ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, domin amfilifaya mai babbar taransifoma tana fizgar wuta a lokacin kunnawa, sai ya kama 925. Kusan kowane soket na kirki zai ɗauki wannan. Inda ake samun matsala shi ne a zo a cusa dutsen guga ko butar lantarki a ramin da ya rage, ko a jona ekstenshan a bayan ekstenshan. Sai kuma waya. In ka yanke ta ka ga silin tagulla ƴan ƙalilan, ko farin ƙarfe da aka shafa wa launin tagulla, komai aka rubuta a jiki kada ka yarda. Don amfiya 13 muna son waya mai kaurin milimita sukwaya 1.5.

Lamba ta biyu ita ce jul, kuma ita mutane ba sa tambaya. A cikin soket ɗin akwai wani abu kamar kwabo, galibi shuɗi, ana ce masa baristo. Yana zaune shiru har sai wuta ta yi tsalle na ƙiftawar ido, sai ya shanye rarar. Jul shi ne yawan dukan da zai iya sha. Ga dikoda da ƙaramar sifika, 600 zuwa 1000 ya isa. Ga amfilifaya mai tsada muna ba da shawarar daga 1000 zuwa 2000 ko sama. Kowane duka yana rage masa ƙarfi, har ya mutu soket na ci gaba da ba da wuta kamar lafiya lau. Shi ya sa muke nace wa mai ƴar fitilar da ke nuna kariya na nan. Mun sha buɗe masu arha mu tarar babu komai ciki sai makunni da jar fitila.

Soket mai kariya kuma ba zai yi cikakken aiki ba in gidan babu wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira at. Gidaje da yawa rami na uku a bango fanko ne. Mukan gwada da mita kafin mu haɗa komai.

Abin da ya fi ƙona kaya a nan ma ba tsallen ƙiftawar ido ba ne. Idan wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta tsinke a layi, wuta na iya hawa kusan bolt 400 ta zauna a haka, kuma baristo ƙonewa zai yi tare da kayan. Maganin wannan shi ne gad, irin wanda ake sa wa talabijin da firji, mai yanke wuta in ta wuce kima, ya jira ta daidaita kafin ya sake ta. Lo-karan kuwa aikin sitabilaiza ne, ita kuma da VA (bolt sau amfiya) ake auna ta. Idan wutar da ke shigo mata ta faɗi sosai, ƙarfinta ma faɗuwa yake, don haka ga kayan wat 900 mukan ba da mai VA 2000.

Da janareta, a kashe kayan sauti kafin a juya layi, a bari ƙararsa ta daidaita, sannan a kunna amfilifaya a ƙarshe. Da damina in hadari ya haɗo ana walƙiya, a zare fulogi daga bango, a kwance wayar dish daga bayan dikoda, don ta nan ma aradu ke bi ta shiga har cikin amfilifaya ta wayar HDMI.