Ƙwayar da na riƙa haɗiya kamar gyaɗa

Shekara da shekaru ina tura tsofaffin alhazai a keke, ɗawafi da sa'ayi, shi ya sa da baya ya fara ciwo ban kawo komai a raina ba. Na shiga saidaliyya, wato kantin magani, a Shara Mansur nan Makka na sayi diclofenac, in ya ƙi ci in ɗora da ibuprofen. Wata 5 ina haɗiya kamar gyaɗa. Har ciwon da ke tashina da tsakar dare, ina kwance ban ɗauki ko tsinke ba, na ce gajiya ce.

Ranar da na sunkuya ɗaukar jarkar zamzam na ji ƙas, daga nan sai asibiti. Wani ƙashin gadon baya ya lotsa. Gwajin jini da na ɓargo suka nuna myeloma, ciwon dajin ɓargo mai rarake ƙashi kamar gara. Wannan na karɓa, ƙaddara ce. Abin da har yau yake ci min rai shi ne tambayar da likita ya yi yana duba sakamakon ƙoda: "Ya Hajj, me kake sha na ciwo?" Da na faɗa, ajiye biro ya yi.

Ashe cutar da kanta tana zuba wani furotin da ke toshe ƙoda, ni kuma na zo da ƙwayoyina, su ma masu cutar da ƙoda, na ƙara mata gishiri. Saboda haka ma ba a yi min ƙarin ruwan zoledronic acid mai ƙarfafa ƙashi ba, sai allurar denosumab duk mako 4, bayan an duba haƙorana, haɗe da sinadarin kalsiyam da bitamin D. Dubi inda 'yan riyal kaɗan suka kai ni.

Ciwon ya sauka bayan an gasa wurin da haske an kuma fara maganin dajin. Yanzu farasitamol ne da wani mai ƙarfi da aka rubuta min, a kan lokaci, ba sai ciwo ya taso ba. Mai ƙarfin yana ɗaure ciki ƙwarai, a nemi maganin hakan tun ranar farko. Ruwa lita 2 zuwa 3 kullum, yadda aka ce min. Salla a kujera. Masu kawo shawarar tausa da ƙaho na gode musu, amma ƙashin da ya zama fanko ba a danna shi. Uwargida kuma an gargaɗe ta: in ƙafa ta mutu ko fitsari ya ƙwace, ko ƙarfe nawa ne, asibiti.

Makon jiya wani tsohon abokin aikina ya zo gaishe ni, yana dafe da ƙugu, ya zaro irin sacet ɗin nan daga aljihun jallabiya. Fizgewa na yi. Na ce, "Malam, wata nawa?" Ya ce na cika shisshigi. Har yanzu bai ɗauki wayata ba.