Ranar da Na Kori Yarinya Mai Goyo

Bayan shekara 6 ina koyar da ajin CI, wato ajin farko na firamare, a wani ƙauye na yankin Mayahi, an maido ni birnin Maraɗi, kuma tun da takardar canjin ta iso hannuna ban daina tuna wata safiya ta shekarata ta biyu ba. Duk wanda ya yi aikin koyarwa na kwantiragi a karkara ya san halin watan Oktoba: an buɗe lakwal a takarda, amma yara suna gona wajen yankan hatsi da roron wake, aji kuma ba ya tsayuwa sai an samu karan kafa rumfa.

A cikin yaran da na tara a shekarar akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara 7 ba, wadda kullum take zuwa da ƙanenta a goye, domin uwarsu takan tafi rijiya tun asuba, rijiyar kuwa mai zurfi ce, sai da shanu ake jan guga, kuma mata sukan jira juna har hantsi. Takan zauna a bakin ƙofa, idan yaron ya fara kuka ta fita ta jijjiga shi ta dawo. Duk da haka ita ce ta fara gane haruffa a ajin.

Ranar da aka ce sufeton makarantu zai zo, darakta ya leƙo ya ce mini aji ba gidan raino ba ne, kada baƙo ya tarar da abin kunya. Ni kuwa ina tsoron abin da za a rubuta a kaina, sai na ce mata a gaban yara duka ta koma gida ta sauke goyon. Ta ce, "Mushe," haka yara ke kiran malami, "ba kowa a gida." Na ce ta tafi dai. Ta ɗauki allonta da guntun allinta ta fita, ban ko bi ta da kallo ba, saboda hankalina yana kan hanyar mota.

Sufeto ya iso dab da azahar, bai yi rabin awa ba. Ya duba littafin shirin darasi, ya gyara mini lafazin wata kalmar Faransanci a gaban ɗalibaina, sa'an nan ya ƙirga 'yan mata ya rubuta cewa ba na ƙoƙarin jawo su makaranta. Darakta yana tsaye, bai ce uffan ba, kuma har na bar garin bai taɓa tayar da zancen ba.

Yarinyar ba ta sake dawowa ba. Da na je gidansu, uwarta ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta ce, "Malam, kai ka ce ba ka son ta da goyo, goyon kuwa ba ni da inda zan ajiye shi." Na roƙe ta, na koma da maigari, amma kafin sati biyu an ɗora mata farantin talla. Na daɗe ina ɗora laifin a kan darakta, sai dai shi faɗa kawai ya yi, bakina ne ya kore ta.

Sauran abubuwan da na koya ba su kai wannan nauyi ba. Na koyi yin bayani da Hausa kafin in shiga Faransanci, ko da wa ke tsaye a bayan aji. Na koyi cewa ranar kasuwa ba ranar sabon darasi ba ce. Bayan gobarar Nuwamban 2021, wadda ta kashe yara fiye da 20 a azuzuwan kara a Maraɗi, na buɗe wa rumfata ƙofa ta biyu ba tare da neman izinin kowa ba.

Ajin da na bari yana da 'yan mata 4 masu zuwa da goyo, da tabarma a gindin bedi inda ake kwantar da ƙannensu, kuma na shaida wa wanda ya gaje ni cewa da tabarmar zai karɓi ajin. Ita kuwa yarinyar, ranar da zan tashi ta same ni a tasha da farantin aya a kanta, ta durƙusa ta ce, "Mushe, Allah ya kiyaye hanya." Na sayi ayar duka.