Jini Ba Ya Jiran Likita

Duk wanda ya taɓa aikin dare a sashen gaggawa na asibiti ya san rigimar layi. Mutum ya zo tun la'asar da karayar hannu, sai a shigo da wani jina-jina mu ruga kansa, dangin na farko su hau faɗa wai mun ga mai kuɗi. Ni nas ce, bakina har ya gaji da bayani. Ƙa'idar nan ta fara duba wanda ya fi kusa da mutuwa daga fagen fama ta fito, daga hannun Dominique Larrey, likitan tiyata na rundunar Nafoliyon, sarkin Faransa.

Kafin shi, motocin dokin ɗaukar masu rauni can baya suke tsayawa sai an tashi daga yaƙi. Soja ya yini ya kwana a ƙasa jini na zuba, idan an zo ɗauka kuma hafsoshi ake fara kwasa. A 1792 Larrey ya lura da yadda dawakai ke figar igwa da gudu daga nan zuwa can, sai ya ce me zai hana a figi majinyaci haka? Ya sa aka ƙera kekunan doki marasa nauyi masu shiga har inda ake ɓarin wuta. Ya kuma kafe a kan cewa tsananin rauni ake dubawa, janar ne ko kurtu, nasu ne ko na abokan gaba. An ce a yaƙin Borodino na 1812 ya yanke gaɓoɓi wajen 200 cikin kwana guda, ba allurar kashe zafi. Idan na tuna wannan sai tsigar jikina ta tashi.

Amma fa Larrey mutum ɗaya ne, kuma ni ba manyan likitoci ne suka fi burge ni ba. Ƙaramin ma'aikacin jinyar nan mai jaka a kafaɗa, wanda ke rarrafawa ya isa ga ɗan'uwansa harsashi na wucewa, shi ne aikin yake kansa.

Kakanninmu sun san shi. A Yaƙin Duniya na Biyu an kwashi sojojin Afirka ta Yamma, runduna ta 81 da ta 82, cikinsu da 'yan Arewa masu yawa, aka kai su Boma, wato Myanmar ta yau. A kwarin Kaladan babu hanyar mota ta kirki. Wanda aka harba sai 'yan'uwansa su ɗauko shi a ka, su keta kurmi da duwatsu har inda aka share fili don ƙaramin jirgi ya sauka. Sai dai sauro da atini sun fi Japanawan da ake yaƙa ɓarna. Janar Slim, kwamandan rundunar Ingila ta 14, ya ce a 1943 duk soja ɗaya da aka kwasa saboda rauni, an kwashi 120 saboda cuta. Maganin zazzaɓin lokacin, mefakirin, yana mai da fata rawaya, ga jita-jitar wai yana kashe ƙarfin namiji, don haka sojoji sukan zubar da shi. Slim bai tsaya lallashi ba. Ya sa a riƙa gwajin bazata, bataliyar da aka samu ba ta sha kwamandanta zai sauka. Uku kawai ya sauke, sauran suka shiga taitayinsu. Wannan hukunci ya yi min daidai.

Abin da na fi so mu ɗauka daga sojoji shi ne maɗaurin tsayar da jini. An daɗe ana tsoronsa, ana cewa yana jawo yanke ƙafa, mu ma haka aka tsorata mu a makaranta. Bayan artabun Mogadishu na 1993, likitocin sojan Amurka suka sake nazari, suka ga mutane na mutuwa daga raunin hannu da ƙafa wanda ɗauri kawai zai tsayar. A 1996 suka fito da sabon tsari, a Iraƙi da Afganistan kuma ya kai ga kowane soja yana yawo da nasa, ya iya ɗaura wa kansa da hannu ɗaya.

Mu kuwa a titunanmu, da an yi haɗari sai a cika wurin, wasu na salati wasu na ɗaukar hoto, a cusa mutum cikin adaidaita sahu cinya na tsartuwa. Ya iso mana ya yi fari fat. Da a ce wani ya danne wurin da ƙarfi, in jinin ya ƙi tsayawa ya sami ƙyalle mai faɗi ya ɗaure sama da raunin, ba kan gwiwa ba, ya sa ɗan itace ya murɗa har jinin ya yanke, da dama daga cikinsu da sun kai ɗakin tiyata da ransu. Zai yi ihu don akwai zafi, kada a sassauta. A rubuta lokacin da aka ɗaura, ko da biro ne a jikinsa, domin shi za mu fara tambaya.