Yadda Na Shirya Ziyarar Andalus da Neman Bizar Sifaniya

Bizar yawon buɗe ido ta ƙasashen Shengen, wato yankin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, takan ba mutum damar zama na abin da bai wuce kwana 90 ba a cikin kowane kwana 180, kuma ana neman ta ne daga ofishin jakadancin ƙasar da mutum zai fi daɗewa a cikinta. Ni burina shi ne in ga Ƙurɗuba da Garnaɗa, biranen Andalus da ke kudancin Sifaniya, waɗanda muke jin sunansu tun muna makarantar zaure, don haka Sifaniya na nufa kai tsaye. Wasu sun ba ni shawarar in nema ta wata ƙasar da ake cewa ta fi sauƙin bayarwa, sannan in zarce inda nake so, amma ban karɓi shawarar ba, domin jami'in kan iyaka yana da ikon tambayar dalilin da ya sa tikiti da otal suke nuna wata ƙasa alhali bizar ta wata ce, kuma yana da ikon mayar da mutum gida.

Na fara da tsara tafiyar kanta kafin in taɓa fom ɗin neman biza, kuma a ganina wannan ne ya sauƙaƙa duk abin da ya biyo baya. Na rubuta ranar sauka a Madrid, da ranar hawa jirgin ƙasa mai sauri zuwa Ƙurɗuba, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, da ranar wucewa Garnaɗa, sannan na kama ɗaki a kowane gari a otal ɗin da ke yarda a soke ba tare da an yi asara ba. Tikitin jirgin sama kuwa ajiye shi aka yi da sunana, ban biya ba sai da biza ta fito. Akwai masu sayar da takardun otal da na jirgi na bogi a kan kuɗi kaɗan, kuma ina ganin babu gangancin da ya kai wannan, saboda ana iya tuntuɓar otal ɗin a tabbatar, idan kuma aka kama takarda ɗaya ta ƙarya, to sauran na gaskiyar ma sun faɗi tare da ita.

Ƙa'idojin da ba su da gardama suna da sauƙin cikawa. Dole fasfo ya kasance an bayar da shi cikin shekara 10 da suka wuce, yana da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba, kuma wa'adinsa zai kai aƙalla wata uku bayan ranar barin yankin. Dole a yanki inshorar lafiya ta tafiya wadda za ta iya biyan aƙalla Yuro 30,000 kuma take aiki a duk ƙasashen Shengen. Kuɗin biza ga babba Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu da ɗaukar hoton yatsu, kuma ba a mayar da ko sisi idan aka ƙi bayarwa. Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida a yi tafiya, amsa takan fito cikin kwana 15, tana kuma iya kaiwa kwana 45. Abin da ya fi cin lokaci shi ne samun ranar ganawa, musamman gab da lokacin zafi na Turai, kuma ga mutumin Kano sai ya haɗa da hidimar zuwa Abuja ko Legas da kwana a can.

Inda na fi ba da hankali shi ne bayanin asusun banki, domin nan ne akasarin mutanenmu suke samun matsala. Sifaniya tana da adadin da take so matafiyi ya nuna, wanda a 2025 ya kai kimanin Yuro 118 a kowace rana, jimillar kuma a shekarar ba a yarda ta gaza kimanin Yuro 1,065 ba komai gajartar ziyarar. Sai dai yawan kuɗin ba shi kaɗai ake dubawa ba. Jami'in yana duba shige da ficen watannin baya, yana kwatanta su da takardar albashi ko rajistar kasuwanci, don ya ga ko kuɗin na mai su ne. Mutumin da ya ranto miliyoyi daga ɗan'uwa ya zuba su mako ɗaya kafin ganawa ya jawo wa kansa tambayar da babu wanda zai ba shi damar amsa ta. Ni na bar asusuna yadda yake, na haɗa da takardar wurin aiki mai nuna muƙamina da ranar da hutuna zai ƙare, da shaidar iyali, sannan na rubuta gajeriyar wasiƙa wadda ta faɗi inda za ni, da wanda zai ɗauki nauyi, da ranar dawowa. Na tabbatar kwanakin da ke cikin wasiƙar su ne a fom, su ne a inshora, su ne a otal, domin duk takardun amsar tambaya ɗaya suke bayarwa, wato ko wannan mutumin zai koma gida.

Da fasfo ya dawo, na karanta tambarin bizar a tsanake. Akwai ranar farawa da ranar ƙarewa, akwai adadin kwanakin da aka yarda a zauna, kuma waɗannan abubuwa biyu ne daban. Akwai kuma adadin shiga. Tawa shiga ɗaya ce, saboda haka na ajiye tunanin tsallakawa Tanja da ke Maroko ta jirgin ruwa daga Tarifa da ke kudancin Sifaniya, tunda fita daga yankin yana kashe bizar, ga shi kuma Maroko tana buƙatar tata bizar daga ɗan Nijeriya. A filin jirgin Madrid an tambaye ni masauki da tikitin komawa, kuma na nuna su a takarda, ban dogara da waya ba.

Babban masallacin Ƙurɗuba, wanda aka fara gina shi a ƙarshen ƙarni na 8 zamanin Sarkin Andalus Abdurrahman na Farko, yanzu majami'a ce, ana shiga da tikiti kuma ba a barin yin salla a ciki, don haka mai zuwa ya san da wannan tun daga gida. A Garnaɗa, wadda mulkin Musulmi ya ƙare a cikinta a 1492, akwai masallacin Juma'a a unguwar Albaicin da aka buɗe a 2003, yana fuskantar fadar Alhambra. Tikitin fadar yana ɗauke da sunan mai shi da lambar fasfo, da kuma takamaiman lokacin shiga sashen sarakunan Banu Nasr, wanda idan ya wuce ba a bari a shiga. Akan sayar da tikitocin gaba ɗaya makonni kafin ranar, saboda haka na saya tun ina jiran biza, na kuma sa kwafinsa cikin takardun da na riƙe a hannu.