Karatun ICAN ya fara gagarata

Mako uku ke nan rabona da buɗe littafin haraji, alhali jarrabawar ICAN (cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya) ta watan Nuwamba sai ƙara matsowa take yi. Na tsallake matakin farko da ɗoki, amma a wannan na biyu gwiwata ta yi sanyi. Kullum sai bayan magariba nake isowa gida Kawo daga ofis, in zauna gaban kalkuleta da jadawalin da na liƙa a bango, in kasa gama ko shafi ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne kuɗin rajistar da Inna ta cika mini daga adashinta, ga shi kowace safiya tana tambayata, "Ya karatu?" Ku taya ni da addu'a.