Mashigar Stelvio: lanƙwasa 48 a kan keke

Duk wanda ya taɓa ganin hoton wata hanya da ta naɗe a jikin dutse kamar igiyar da aka yar, lanƙwasa bisa lanƙwasa har ido ya gaji da ƙirga, mai yiwuwa Stelvio ya gani. Mashiga ce a tsaunukan Alps, a arewacin Italiya dab da iyakar Suwizalan, tsayinta mita 2,757 daga bakin teku. Cikin mashigan Alps da aka shimfiɗa wa kwalta, Col de l'Iseran ta Faransa kaɗai ta ɗara ta, ita ma da 'yan mitoci ƙalilan. Hoton nan yana ruɗin mutane, sai su ɗauka miƙewar hanyar ce abin tsoro. Ba ita ke kayar da mahaya ba. Tsawon hawan ne ke cinye su, iska ta ƙaranta a sama, sannan sanyin saukowa ya ƙarasa su.

Dalilin da ya sa hanyar ba ta miƙe tsaye kamar bango ba yana cikin tarihinta. Daular Ostiriya ce ta gina ta tsakanin 1820 da 1825, ƙarƙashin injiniya Carlo Donegani, don haɗa yankin Lombardiya, wanda ke hannunta a lokacin, da yankin Tirol. Zamanin keken doki ne, kuma doki mai jan kaya yana da iyakar tudun da zai iya hawa. Shi ya sa aka yi ta naɗe hanyar, ana ƙara mata tsawo don a rage mata miƙewa. Abin da ya sauƙaƙa wa doki shi ne ya tsawaita wa mai keke wahala.

Hanyoyi uku ke kai mutum ƙoli. Wadda ta fi suna ita ce ta garin Prato allo Stelvio: kimanin kilomita 24 da ɗan ɗori, hawan mita 1,800 da 'yan kai, matsakaicin tudu kashi 7.4 cikin 100, wato duk mita 100 da ka ci gaba ka hau mita 7 da rabi ko kusa da haka. A nan lanƙwasa 48 ɗin suke, kowace da lambarta, ana ƙirgawa daga 48 a ƙasa zuwa 1 a sama. Ta biyu daga Bormio take tashi, kilomita 21 da rabi, hawan mita 1,500 da ɗoriya. Ta uku ta fito ne daga ƙauyen Santa Maria a Suwizalan, ta bi mashigar Umbrail mai tsayin mita 2,501, ta haɗe da hanyar Bormio saura kimanin kilomita 3 a kai ƙoli. A ganina wanda zai hau sau ɗaya tak ya hau ta Prato, don ita ce Stelvio ɗin da ake magana.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma babban goran wannan tafiya shi ne giyar keke. Yawancin kekunan tsere suna zuwa da faifan gaba biyu, mai haƙora 50 da mai 34. Matsalar tana baya. In babban faifanka na baya haƙora 28 ne, duk zagaye ɗaya na feda zai kai ka kimanin mita 2.5. A ɓangaren sama, inda mai matsakaicin ƙarfi ke tafiyar kilomita 8 a awa, feda za ta riƙa juyawa sau 52 kacal a minti. Wannan ba tuƙi ba ne, daka ne, kuma gwiwa da ƙugu ne za su biya. In ka sa mai haƙora 34 a baya, a wannan gudun dai za ka samu juyi 63 a minti. Bambancin juyi 11 kamar ba komai ba ne a takarda, amma bayan awa biyu shi ke raba wanda ƙafarsa ke juyawa da wanda tsokar cinyarsa ta ɗaure ya sauka yana tura keke. Kafin ka canza faifai ka tabbatar ƙarfen da ke sauya giyar baya zai ɗauki mai 34, kuma sarƙar ta isa tsawo. In sarƙa ta gajarta, ranar da ka haɗa babban faifan gaba da babban na baya bisa kuskure, za ta iya fizge ƙarfen ta karya shi.

Nauyi ma lissafi ne mai sauƙi. Mutum mai kilo 75 da keke da kaya masu kilo 10, in yana so ya kai ƙoli cikin awa biyu da rabi daga Prato, sai ya riƙe ƙarfin wat 190 ko kusa da haka tun daga ƙasa har sama. Kowane kilo guda da ya ƙara zai ci masa kimanin minti ɗaya da rabi. To, minti ɗaya da rabi bai kai a bar rigar sanyi a masauki saboda shi ba. Wannan kuskure ne da ake yawan yi.

Yanzu ga hanyar kanta. Prato tana kan mita 900 da ɗan abu. Kilomitocin farko suna bin gefen rafi cikin kwari, tudun bai fi kashi 5 cikin 100 ba, jiki sabo, iska wadatacciya. A nan ake yin ɓarnar. Mutum ya ji ƙafa ba nauyi, ya ga wasu sun wuce shi, ya bi su. Duk ƙarfin da ka kashe tsakanin Prato da ƙauyen Gomagoi bashi ne ka ci, kuma sama da mita 2,000 za a zo karɓa. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne numfashi: in ba ka iya yin magana jimla guda cikakkiya ba tare da haki ba, ka yi sauri, koma giya mai sauƙi. Mai na'urar auna bugun zuciya ko ƙarfin feda ya tsaya ƙasa da abin da ya saba riƙewa na awa ɗaya, da tazara mai kyau.

Trafoi, a kan mita 1,500 da ɗoriya, ita ce ƙauye na ƙarshe. Cika gorunan ruwanka a nan. Daga ita hanya ta canza hali, ta shiga dajin itatuwa, tudu ya koma kashi 8 zuwa 9 cikin 100 ya zauna a haka, wasu wuraren ya haura 10. Babu shimfiɗaɗɗen wurin da za ka huta. Hutun da ke akwai yana cikin lanƙwasoshin ne, in ka san yadda ake shan su. Gefen ciki na kowace kwana ya fi miƙewa, gefen waje ya fi kwanciya. A Italiya hannun dama ake bi, saboda haka kwanar da ta juya hagu za ta sa ka a gefen waje, ka samu 'yan daƙiƙu ka sassauta ƙafa, ka kurɓi ruwa. Wadda ta juya dama za ta matse ka a ciki. Rage giya kafin ka shige ta, ka ɗan buɗe zuwa tsakiyar hannunka in ba mota a baya, amma kada ka tsallaka hannun masu saukowa. Babura da motoci suna fitowa daga kwanar ba tare da ka gan su ba, kuma doguwar mota takan cinye faɗin hanyar gaba ɗaya kafin ta juya.

Ci da sha da agogo ake yinsu, ba da jin yunwa ba. A kowace awa jiki yana buƙatar kimanin giram 60 na abinci mai sukari ko sitaci, ayaba guda tana ba da kusan 25, sai ruwa rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita. Fara ci tun a rabin awar farko. A sama sha'awar abinci takan ɗauke, sanyi kuma ya ɓoye ƙishirwa, alhali iskar busasshiya ce, kowane numfashi yana fitar da ruwa daga jiki. Wanda ya jira sai ya ji jiri ya makara, don abin da ya ci a lokacin sai ya ɗauki mintuna kafin ya isa ƙafa.

A Franzenshöhe, kan mita 2,188, itatuwa sun ƙare, akwai otal a gefen hanya, ga dutsen Ortler mai mita 3,905 da ƙanƙararsa a hannun hagu. Daga nan za ka ɗaga kai ka ga sauran lanƙwasa ashirin da 'yan kai jere a jikin dutse, da gine-ginen ƙoli can sama kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Saura hawan mita 570, kuma a nan iska ke fara nuna halinta. A ƙolin Stelvio nauyin iska kashi 70 da ɗan abu ne cikin 100 na wanda ke bakin teku, don haka kowane numfashi yana kai wa jini iskar da ba ta kai wadda ya saba ba. Wanda bai saba da tudu ba zai iya rasa kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na ƙarfinsa. Ba kasala ba ce, kada ka yi faɗa da ita. In ka matsa ka shiga haki a wannan tsayin, dawowa daidai yana ɗaukar lokaci fiye da yadda ka saba a ƙasa. Kwana biyu ko uku a Bormio ko Trafoi kafin ranar hawa suna ɗan taimakawa.

A wannan ɓangaren ne tarihin Giro d'Italia, babban tseren keke na Italiya, ya fi kauri. A 1953 aka fara bi da tseren ta nan, Fausto Coppi ya tsere wa Hugo Koblet, ya ƙwace rigar jagora, ya ci Giro ɗinsa na biyar. Tun 1965 ake kiran wuri mafi tsayi a tseren kowace shekara Cima Coppi don tunawa da shi, kuma duk shekarar da aka bi ta Stelvio, ita ke ɗaukar sunan. Amma darasin da ya fi amfani ga mai hawa yana cikin shekarun baya-bayan nan. A 2013 dusar ƙanƙara ta sa aka soke zangon da zai bi ta nan ɗungurungum. A watan Oktoban 2020, Jai Hindley ya yi ta kokawa da rigar sanyinsa dab da ƙoli yana kan keke, Wilco Kelderman kuwa ya kasa zuge tasa, ya sauka cikin sanyi haka nan. Ƙwararru ke nan, masu motoci biye da su.

Kai da ba tsere kake ba, tsaya cak ka sa kaya. Zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi a duk mita 1,000 da aka hau, wato in Prato tana digiri 22, ƙoli zai kasance wajen 10, ko ƙasa in hadari ya rufe rana. Ga rigarka jiƙe da gumi, ga iskar gudun kilomita 50 a awa, ga ƙafa ta daina aiki balle ta ɗumama jiki. Abin da za ka ɗauka: rigar da iska da ruwa ba sa ratsawa, safar hannu mai rufe yatsu duka, abin rufe damtse da gwiwa, da busasshiyar 'yar ciki a leda in akwai wuri. Safar hannun ta fi komai muhimmanci, domin yatsun da suka sandare ba sa jin birki. Kada ka daɗe a sama. Akwai shaguna da masu sayar da abinci mai zafi, ci ka sauka kafin jiki ya huce.

Birki a saukowa ana kama shi da ƙarfi a miƙaƙƙen wuri kafin kwana, na gaba ya fi yin aiki, sannan a saki a sha kwanar, fedar waje tana ƙasa, ido yana kan mafita. Riƙe birki kaɗan-kaɗan na tsawon kilomitoci shi ke tara zafi. A keken da birkinsa ke kama bakin wili, zafin yana iya fasa tiyub, wilin kabon kuma yana iya lalacewa. A mai birkin faifai, ƙarfin kamun yana raguwa, in birkin mai aiki da mai ne hannunsa ya yi laushi. Da ka ji wari ko ka ji kamun ya canza, tsaya minti biyar, kada ka taɓa faifan da hannu. Duba kaurin robar birki tun a gida. Ɓangaren Bormio yana da ƙuntatattun ramuka da aka huda cikin dutse a kwarin Braulio, masu duhu da danshi, sai da fitila gaba da baya, a kuma cire baƙin tabarau kafin shiga.

Hanyar takan buɗe daga ƙarshen Mayu ko farkon Yuni zuwa wajen ƙarshen Oktoba, gwargwadon dusar ƙanƙara, kuma ko a Agusta tana iya zuba. Tashi da sassafe: babura ba su cika hanya ba tukuna, hadari mai tsawa kuma ya fi haɗuwa da yamma. Akwai rana guda a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba da ake rufe hanyar ga motoci a bar wa masu keke, sai dai dubban mutane ne ke fitowa, saukowa a cikinsu tana buƙatar haƙuri. Wanda ya hau daga Prato kuma ba ya son komawa ta inda ya fito, ya gangara kilomita 3 ta ɓangaren Bormio, ya karya dama ta Umbrail, ya sauka Santa Maria, ya bi ta Müstair da Glorenza ya dawo Prato. Zagayen ya ɗan haura kilomita 60, kuma tunda za a ratsa ƙasar Suwizalan, fasfo ya kasance a aljihun riga cikin leda.