Kunyar zuwa na ƙarshe ta hana ni koyon tuƙin jirgin ruwa

Ƙannena, duk wanda ya tashi a Kaduna kamar ni, kogin nan da muke haye gadarsa kaɗai ya sani. Sai da aiki ya kai ni Legas, inda ƙungiyar masu jiragen ruwa ta Lagos Yacht Club take tun 1932, na fara ganin jirgin ruwa mai tafiya da iska. Mu uku muka haɗa kuɗi muka sayi tsoho, irin na yawo, mai wurin kwanciya da ɗan kicin.

Duk sanda aka ce mu shiga tsere, sai in kawo hujja. Jirginmu da nauyi, ga tankin ruwa, ga anga, ƙarfen da ake jefawa a ruwa don tsayar da jirgi, da sarƙarta. Ba mu da isassun hannu. In aka yi karo wa zai biya? Duk gaskiya ne, kuma su ke hana yawancin masu irin jirginmu. Amma ni abin da na ɓoye a zuciya daban ne: tsoro nake a ce ga Bahaushen da ya zo na ƙarshe.

Ban ma tsaya na tambayi yadda ake lissafi ba. Ashe kamar folo ne da muke kallo a dandalin Murtala, inda ake ba ƙungiya mai rauni ƙwallayen rangwame. A tseren ma kowane jirgi da makinsa, da shi ake gyara lokacin da ya ci, har mai nauyi ya iya kayar da wanda ya riga shi isowa.

Ranar da na shiga kuwa, sai na sake wani kuskuren: ban karanta doka ba. Jirgin da iska ke bugowa ta damansa shi ke da hanya, na hagu ya kauce. Ban kauce ba. Allah ne ya kiyaye, wani dattijo ya karkata nasa, ya wuce yana yi mini tsawa. Daga baya shi ya zaunar da ni ya ce, "Yaro, sati mai zuwa zo ka ja mini igiya."

A jirginsa na koyi gane iska daga fuskar ruwa, da lokacin sassauta ƙyallen da iska ke tura jirgi da shi, abin da yawon shekaru bai koya mini ba, domin mai yawo in iska ta juya kunna inji yake yi.

In aiki ya kai ɗayanku bakin teku, ya fara koyon iyo, ya sa rigar kariya, ya nemi mai jirgin da ke neman hannu. Kada ya yi gaggawar sayen nasa kamar yadda na yi.